Hannun da Muka Naɗe da Shuɗin Yadi

Ku da kuke shigowa shagon nan a yi muku fasfo, kuna nuna mini yadda waya take ɗauke mutum daga ɗakin uwarsa ta dire shi a gaban benen Dubai da dangwalen yatsa guda, ku ja benci ku zauna. Ban musa ba, abin yana aiki. Amma ku kawo hoton kusa da ido, ku dubi bakin kunnen, ku dubi gashin kan. An gaigaye shi kamar ɓera ya samu sabulu. To mu a zamaninmu, a wannan ɗan gefen da ba ku kallo muke cin abinci, a nan kuma ake raba wanda ya iya da mai kame-kame.

Sunana Sale, haifaffen Abbare, amma tsofaffin kasuwa har gobe Sale Mai Shuɗi suke ce mini. Da girmana na shiga sana'ar nan, ina da mata da 'ya'ya, bayan gyaran rediyo ya ƙi riƙe ni. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Jalingo ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Yola da katifunsu a saman mota, kowa na neman ɗakin haya, kowa kuma na so ya aika gida a ga ya zama wani abu. A cikinsu Oga Adi ya zo, Bajukune mutumin Wukari, wanda ya yi aikin talabijin har ya gaji, ya ajiye ya buɗe shago a bayan Kasuwar Jalingo. Gajere ne, ga faɗa kamar zakaran da aka shigar wa gida, amma hannunsa a kan na'ura ba a magana.

Kayan aikinmu ba yawa. Kyamarar kafaɗa mai cin babban kaset, fitilu masu zafi da kan sa mutum gumi ko da sanyin safiya, bidiyo biyu, talabijin, da akwatin haɗa hoto mai maɓallan murɗawa. Sai uban tafiyar, wato shuɗin yadi da muke ratayawa a bango. Mutum zai tsaya a gabansa a ɗauke shi, na'ura ta cire duk abin da yake shuɗi, ta zuba wani wuri a madadinsa. Na yi wata da watanni ban taɓa kyamara ba, guga kawai nake yi da dutsen gawayi. Na taɓa yin ƙorafi, Oga ya ja ni da kunnen riga ya nuna mini wani ɗan ƙudundune a yadin. Ya ce duk inda yadi ya tattare akwai inuwa, inuwa kuwa wani shuɗin ne daban, na'ura ba ta san shi ba, barinsa za ta yi a bayan mutum kamar dattin bango. Daga ranar ban sake raina guga ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne, kafin na'ura ta cire komai sai ta zana wa kanta wani hoto na fari da baƙi. Mat muke ce masa. Inda ya yi fari, mutum ne, a bar shi. Inda ya yi baƙi, yadi ne, a zubar. Inda ya yi toka-toka kuwa, nan ne rigima, don ba a bari ba, ba a zubar ba. Oga yakan ce mai kaya yana kallon hoto, mai aiki yana kallon mat. Maɓalli na farko yana zaɓen irin shuɗin da za a kora. Na biyu yana matse gefen mutum. In ka matse da yawa ka cinye masa kunne da sandar tabarau, in ka sassauta sai wani zaren shuɗi ya kewaye shi tun daga hula har takalmi. Na uku na laushi ne, wanda in ka zarce da shi mutum yakan koma kamar hayaƙi. Kuma ba ka gyara ɗaya ɗayan bai ɓaci ba, sai ka yi ta lallashinsu kamar mai ɗaura wa jaki kaya.

Mun ga mutane iri-iri. Ƙungiyoyin mawaƙan coci suna son ruwa mai gangarowa daga dutse a bayansu. Masu shagon magani suna son a sa su a gaban wani babban asibiti na ƙasar waje. Wani babban ma'aikaci ya zo mana da farar babbar riga ƙal, yana son a ajiye shi a titin Landan. Muna kunna na'ura sai ga jar motar bas tana wucewa ta cikin ƙirjinsa. Ashe mai wankinsa ya cika wa rigar bula, ido yana ganin fari, na'ura tana ganin shuɗi. Ya rantse mun yi masa asiri. Matan Fulani kuwa, zanen leɓensu da kwallinsu yakan ja zuwa shuɗi, in ba ka yi hattara ba sai ka huda musu baki. Daga baya duk wanda zai zo, tun daga ƙofa nake tambayarsa wa ya wanke masa riga.

Wajen ƙarshen mulkin soja Oga ya tafi Legas ya dawo da kwamfuta, ya shigo da ita shago kamar an kawo amarya. Maɓallan nan uku suna cikinta, sai dai yanzu da linzami ake jansu. Amma ta zo da abu na huɗu, wato zaɓin ingancin mat ɗin kansa. Akwai na gaggawa, wanda nan take za ka ga aiki, amma gefen mutum kamar haƙoran zarto, dattin yadi duk yana nan. Akwai na tsanaki, wanda yake bin gashi ɗaya-ɗaya, amma ɗan guntun hoto sai ya ɗauke ka tun hantsi har la'asar tana niƙa, in wuta ta ɗauke a tsakiya kuwa ka koma farko. Ga shi shekarar ce man fetur ya yi ɓatan dabo. Wutar gwamnati sai a kwana a wuni ba a ga ƙyallinta ba, janareta yana zaune ba abinci, albashin ma'aikata yana makara, wa yake ta Landan? Kwamfutar nan ta fi yawan kwanakinta lulluɓe da zanen matar Oga, mu kuma muna bakin ƙofa muna korar ƙuda.

A cikin wannan zaman ne Malam Usmanu ya shigo da kaset a naɗe cikin leda. Ma'aikaci ne a sakatariya, mazaunin unguwar Nukkai a gefen gari, mutum mai sanyin magana. Kaset ɗin na wani biki ne da aka yi can saman dutsen Mambila, kuma mai ɗaukar ya juya kyamara ya kamo wani dogon Bafillace tsaye cikin garken shanu a kan koren tudu, ɗan lokaci kaɗan. Usmanu ya ce wannan baffansa ne, Buba, ƙanin mahaifinsa. Buba da wansa tare suka tashi, tare suka yi kiwo, har ciwo ya shiga shanun mahaifin nasa, Baba Gidaɗo, ƙafafunsa ma suka fara ƙin ɗaukarsa. Usmanu ya dawo da shi gari, Buba kuma ya hau dutse da sauran dabbobin, yana kai da kawo har cikin Kamaru. Shekaru ke nan ba su ga juna ba. Tun da kaset ɗin ya zo gidan, tsohon ba shi da aiki sai a mayar masa wurin nan, har hoton ya fara yin ruwa-ruwa. Abin da Usmanu yake so, a sa mahaifinsa tsaye kusa da ƙaninsa cikin shanun, a kuma aika wa Buba ta hannun wani direban babbar mota mai hawa Gembu, garin da ke kan dutsen.

Na ce masa, ai da a aika hoto gara a aika Buban ya zo. Ya ce likita ya riga ya gaya masa abin da ya gaya masa, kuma shi da kansa ya aika wa baffan nasa saƙo. Buba ya maido da tambaya, shin Hamma ne da bakinsa ya ce a zo? Hamma shi ne yadda suke kiran babban wa. Da aka kawo wa tsohon tambayar, sai ya ce a gaya masa jam, lafiya lau. A wurinsu babba ba ya kai kuka wurin ƙarami, ko da ciwon zai kashe shi. Buba kuwa ba zai bar garke da damina a kan maganar ɗan birni ba, alhali wansa ya ce lafiya. Kullum tsohon yana zaune yana kallon ƙofar gida, amma an rasa mai sa shi ya furta.

Ranar ɗauka, a motar abokin Usmanu aka kawo tsohon, mu biyu muka tallafo shi zuwa ciki. Dogo ne ya rame, da malafa mai sakakkiyar saƙa, da farin gemu siriri wanda iskar fanka take kaɗawa. Ina ganin gemun nan da hudojin malafar na san na shiga uku, don ba abin da mat ya tsana kamarsu. Muka kawo kujera, ya ƙi. Ya ce a ina aka taɓa ganin makiyayi a kan kujera cikin garke? Tsayuwa kuma ba ta yiwuwa. Sai Oga ya kawo dabara. Muka naɗe doguwar kujerar shago da ragowar shuɗin yadi, tsohon ya ɗan ɗosana a kai, rigarsa ta rufe gaba. Duk da haka yana karkacewa. Dole Usmanu ya durƙusa a bayansa, muka lulluɓe shi da yadi tun daga kai, muka naɗe masa hannu har yatsu, ya tokare kafaɗar mahaifinsa ta baya.

Ku ba za ku gane nauyin wannan ba. Usmanu ɗan fari ne. Tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce wancan, ba sa cin abinci wuri ɗaya, ba sa haɗa ido. Ina jin rabon da jikinsu ya haɗu tun Usmanu yana rarrafe. Na kunna fitilar baya, wadda muke rufe wa leda ruwan ɗorawa don ta kashe shuɗin da yake fallatsowa a gefen mutum. Na juyo da talabijin gaban tsohon na sa masa shanun. Yana ganinsu ya manta da mu. Ya gyara riƙon sandarsa, ya fara kiransu da harshe yadda suke yi, ya kira wata jar saniya da sunanta, ya ce jikar saniyar uwarsu ce. Ta cikin kyamara ina ganin yadin da ke bayansa yana rawa, kuma ba fanka ba ce.

Na fara da na gaggawa, don in ga inda aiki yake. Ai kuwa ya fito da muni. Gemun kamar an datse shi da almakashin tela, zaren shuɗi ya kewaye malafa. Mafi muni, yadin da muka lulluɓa wa kujera da Usmanu ba gogagge ba ne, duk ya tattare, don haka na'ura ta ƙi cinye shi duka. Ƙafafun kujera suna nan toka-toka a kan ciyawa, ga kuma alamar mutum a durƙushe, da hannu ya miƙo ya dafe kafaɗar tsohon. Oga ya leƙo ya ce shara, ya koma bakin ƙofa.

Na zauna a kan aikin nan kwana da kwanaki. Usmanu yakan tsiyayo man babur ɗinsa ya kawo mana a galan, shi kuma ya taka da ƙafa daga Nukkai zuwa ofis. Na raba hoton gida biyu, don abin da zai kori kujera zai cinye gemu. Ƙasa na matse shi sosai, na zana shinge na fitar da Usmanu gaba ɗaya. Sama kuwa na bi shi a hankali, in ƙara laushi kaɗan, in rage matsi kaɗan, in koma mat in duba ko gemun ya yi toka-tokar da nake so, don gashi siriri ba fari ba ne ba baƙi ba ne, rabinsa mutum rabinsa sarari. Na yi masa inuwa a kan ciyawa, ta kwanta ɓangaren da ta Buba ta kwanta. Sannan na sa na tsanaki na bar ta tana niƙa, ina zaune ina sauraron janareta kamar mai jinya. Sau nawa ya mutu mana a tsakiya, ban ƙirga ba. Ranar da ya fito, koren tudu yana leƙowa ta kowace hudar malafa, gemun nan kuwa kana iya ƙirga gashinsa. Oga ya cire tabarau ya goge ya mayar, sai ya fita ya dawo mini da tsire a takarda. Iyakar yabon da na taɓa samu a wurinsa ke nan.

Al'adarmu ce in za mu kai aiki mu fara nuna wa mai kaya na gaggawar, sannan mai kyaun, don ya san ba a banza muka riƙe shi ba. Haka na yi a ɗakin tsohon a Nukkai, da yamma bayan la'asar. Na farko ya wuce. Da na biyu ya zo, Usmanu ya tashi ya fita tsakar gida, na ji yana fyace hanci. Baba Gidaɗo ya sa na mayar masa, na sake mayarwa. Ga shi tsaye kyam kusa da ƙaninsa, ba kujera, ba kowa. Na ga daɗi a fuskarsa ƙarara, har ni ma idona ya kawo ruwa. Can sai ya ce in sa masa na farkon. Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, ka iya aiki," in ji shi da Hausarsa ta daji. "Na biyun nan, ni ma na yarda ina can. Buba ya gani, zai ce Hamma ya miƙe. Zai yi hamdala, ya koma wurin shanunsa."

Na ce, "To Baba, ai abin da ake so ke nan."

"Na farkon za a kai."

Na fara yi masa bayani, cewa wancan gwaji ne, datti ne, ga sunan shagonmu a jikin kaset, Oga zai iya korata. Bai ko dube ni ba. Ya ɗora yatsa a kan gilashin, daidai inda hannun nan ya dafe masa kafaɗa.

"Ni ban ce komai ba," ya ce. "Ban aika a gaya masa komai ba. Hoto ne kawai."

Da na koma shago na gaya wa Oga, ya yi faɗa har masu ɗinkin da ke maƙwabtaka da mu suka leƙo. Ya ce shekarun da ya yi yana gina suna ba zai zubar a kan dutsen Mambila ba. Ya yi ya gaji ya zauna. Can ya ce in kunna masa. Ya kalla, ya ce talabijin ɗin ƙauye ba ta da haske, hannun nan ba zai fito sosai ba, in ƙara sassauta ƙasan, amma in gyara fuskar da gemun, kada Buba ya ga an wulaƙanta wansa. Ranar na san ɓata aiki ma sai gwani. Na yi ta ja da baya da maɓallin nan da na saba turawa gaba, har yatsun Usmanu suka fito ɗaya-ɗaya a cikin yadin. Oga da hannunsa ya manna takardar sunan shago.

Direba ya tafi da kaset, damina ta yi nisa, hanyar dutse ta lalace. Usmanu yakan biyo ta shago in ya tashi aiki, in dube shi, ya girgiza kai. Ya ce tsohon ya daina neman a sa masa shanun, ƙofa kawai yake kallo, abinci ma sai da lallashi. Ni kaina na fara cewa a raina da mun aika mai kyaun, aƙalla da Buba ya ji daɗi.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina share gaban shago, sai ga dogon mutum da taɓo har ƙwauri, sanda a kafaɗa, kaset a hannu, yana nuna wa mutane takardar da ke jikin kaset ɗin. Ban tambaye shi ko wane ne ba, na kwana nawa ina kallon fuskar nan. Bai san gidan Usmanu ba, sunan shagonmu ya biyo. Daga baya na ji cewa a wurin wani mai shayi a Gembu aka sa masa, kallo ɗaya ya yi, ya bar wa 'ya'yansa garken a ranar. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ina Hamma?"

Na ari babur na kai shi Nukkai. Na zaci za a rungume juna a yi kuka. Ina! Buba ya tuɓe takalmi, ya tsuguna daga bakin ƙofa, suka shiga gaisuwa, jam, jam, jam, kowa yana kallon ƙasa kamar jiya suka rabu. Sai da aka daɗe tsohon ya matsa ya bar masa gefen tabarma. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar bango. Baba Gidaɗo ya tambayi jar saniya, Buba ya ce ta haihu. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki sandar ƙaninsa, ya ɗora a cinyarsa, ya kai ta hanci ya shaƙa. Nan na fito na ba su wuri. Buba bai koma dutse ba sai da ya sa wansa a kabari da hannunsa, kafin ruwa ya ɗauke a shekarar.

Oga Adi ya koma Wukari tuntuni, can ya rasu. Kwamfutar ta mutu da duk abin da ke cikinta, yadin kuma matata ta yanka ta yi labule. Wallahi ina kewar zafin fitilun nan da ƙaurin gawayin guga, har faɗan Oga nake kewa. Kaset mai kyaun yana cikin durowar nan da kuke jingine da ita, ya yi fumfuna, ba ni ma da na'urar da zan sa shi.

Bara Malam Usmanu ya shigo, ya yi ritaya, gemunsa ya yi fari irin na tsohon. Ya tambaye ni ko ina da sauran aikin nan. Na buɗe durowa da murnata na miƙa masa. Ya juya shi, ya karanta rubutuna a jiki, ya ce ba wannan ba, wancan mai dattin yake nema, don shi kaɗai ne hoton da aka taɓa ɗaukarsa tare da mahaifinsa. Wancan kuwa guda ɗaya ne, Buba ya koma da shi kan dutse, shi ma ya daɗe da rasuwa. Na ce masa a wannan ɗin ma yana nan, a durƙushe a bayan tsohon, ni ne dai na iya aikina. Ya ɗan yi murmushi, ya goge ƙurar kaset ɗin da hannun rigarsa, ya mayar mini da shi cikin durowa.